Tagogin da Na Hana Maƙwabcina

Da ana komawa baya a gyara, da ranar da na tashi daga soron gidanmu na nufi gidan mai unguwa zan fara komawa. Da na zauna na ƙarasa shan kununa. Amma na tashi, na sa hula, na tara dattawan lungunmu, muka je muka hana wani bawan Allah gina bene a filin ubansa. Ni na ja gaba, ni na yi magana, kuma abin da na faɗa a bainar jama'a ba shi ne ke cikin zuciyata ba.

Gidanmu a Fagge yake, a wani lungu da ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa. Mahaifinmu ma'aikacin reluwe ne, shi ya sayi filin ya gina, ya rasu ya bar mana ni da ƙanena. Da kukan jirgi muka tashi. In ya iso, lungun kan cika da baƙi masu neman ruwan alwala da wurin ajiye kaya, mata su yi cinikin abinci daga cikin gida. Da asuba masallacinmu kan cika har a shimfiɗa tabarma a waje. Ni ban yi nisa a boko ba, firamare na gama na shiga Kasuwar Singa ina sayar da buhunan da aka juye kayansu. Da ƙafa nake zuwa, da ƙafa nake dawowa cin abincin rana.

Katangarmu ta gabas ɗaya ce da ta wani tela, Bayarabe, haifaffen Fagge. Tare muka yi makarantar allo, tare aka zane mu ranar da muka gudu kallon jirgi. Hausarsa ta fi tawa gishiri. Wata rana bayan la'asar ya shigo soro ya zauna a gefen tabarmata, ya ce, "Maƙwabci, yara sun girma, gida ya tsuke. So nake in rushe in ɗaga sama. Ƙasa shaguna, nawa da na haya. Sama kuma ɗakuna, 'ya'yana su zauna, baƙi su kama sauran. Mutum ya sauko daga ɗakinsa ya buɗe shagonsa, ga tasha, ga kasuwa, ba ruwansa da shiga mota."

Na ce, "Tagogin fa?"

Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da nake nufi. Tsakar gida ta mata ce. A nan suke daka da ɗaurin ƙirji, a nan suke tsifa da kitso, ta nan suke wucewa wanka. Katanga ce ke suturta su, bene kuwa ya fi katanga tsawo.

Ashe ya riga ni tunanin. Ya ce, "Duk tagar da ke ɓangarenku zan ɗaga ta sama da kan mutum, iska ta shiga, ido kada ya fita. In gini ya tashi ka hau da ƙafarka ka leƙa. Wadda ka hango ko da butar gidanka ta cikinta, a toshe ta a gabanka."

Na ce masa zan yi shawara. Ban yi shawara da kowa ba sai da zuciyata, ita kuwa ba maganar mata take yi ba. Gidanmu ne na farko da aka yi wa siminti da rufin kwano a lungun, da shi ake kwatance. Yanzu kuma tela, wanda ke ɗinka mini rigar salla, zai hau sama ya riƙa kallon rufinmu? Wannan ne ya hana ni sukuni. Amma hassada ba ta fita kasuwa da sunanta, sai na sa mata rigar kishin iyali.

A gaban mai unguwa na ce mutuncin matanmu ya fi kuɗin haya. Dattawa suka gyaɗa kai. Ban ambaci tayin da ya yi mini ba. Da telan ya kawo maganar ɗaga tagogi, sai na ce, "Yau ka ɗaga taga, gobe ɗan haya ya taka kujera." Wurin ya ɗauki dariya. Dariyar nan ce ta kashe ginin, domin bayanta babu wanda ya sake sauraron abin da yake faɗi. Ya dube ni kawai, ya naɗe tabarmar hannunsa ya fita.

A yammacin gidanmu akwai wata Hajiya mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wadda aka kawo ta lungun tana amarya ina yaro. Duk aikinta a tsakar gida take yi. Washegari ta aiko mini da kwano cike da ƙuli-ƙuli, wai tukuicin tsare musu mutunci. Na karɓa na ci.

Tela bai ja da kowa ba. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da gidan ya koma can bayan gari, inda a lokacin sai gonaki. Wani attajirin Singa ya saya, ya rushe, ya tayar da siton ajiye kaya hawa uku. Babu taga ko ɗaya a jikinsa, domin katan ɗin taliya ba ya buƙatar iska. Tunda babu taga, ba mu da abin kai ƙara. Benen da na ji tsoro ya tashi har ya fi na tela tsawo, ya tare mana hantsi, kuma babu mutum ko ɗaya da ke kwana a cikinsa sai ɓeraye.

Daga nan sai ya zama hanya. Duk gidan da yara suka yi wa yawa, mai shi ya san an hana bene mai taga, sai ya sayar ya tafi. Masu sito suka riƙa bin lungun gida-gida. Da rana manyan motoci da 'yan dako ba sa barin wurin taka ƙafa, ana yin magariba kuma a ja ƙofofin ƙarfe, wuri ya yi tsit kamar an yi gudun hijira. Masallacin da ake shimfiɗa tabarma a waje ya koma sahu ɗaya ba ya cika, rabinsa ma masu gadi ne. 'Ya'yana maza suka yi aure, babu ɗakin da zan ba su, suka tafi bayan gari su ma. A kasuwar Kantin Kwari suke aiki, wurin da daga ƙofar gidan da aka haife su mutum zai taka da ƙafa, amma yanzu tun duku-duku suke fita neman adaidaita sahu. Jikokina sai salla nake ganinsu.

Wata rana na tarar da matata zaune a tsakar gida, inuwar sito ta rufe ta, tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "To Alhaji, ka huta. Babu mai leƙenmu. Babu ma mai yi mana sallama."

Shekarun baya-bayan nan aka fara maganar jirgi zai farfaɗo, wasu har suna cewa za a yi na cikin gari. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, filin kusa da tasha ya yi daraja, dillalai suka dame mu. Gidaje biyu suka rage da mutane a lungun, namu da na Hajiya. Namu kuwa damina ta cinye gindin katangarsa. Ƙanena, wanda ke da rabin gidan, ya zo ya ce, "Yaya, mu sayar mu raba. Me kake tsaro a nan, ɓeraye?"

Na ce ba zan sayar wa masu sito ba. Na ce so nake mu gina abin da tela ya so ginawa, ƙasa shaguna, sama gidaje. Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, "Kai? Kai da bakinka?"

Mun sami mai ginawa. Wani ɗan kasuwa ne Ibo daga Sabon Gari, mai sayar da kayan wuta, wanda iyayensa suka taɓa zama a bakin lungunmu. Ya yarda ya yi ginin, ya riƙe shagunan ƙasa na wasu shekaru, sama kuma tamu. Da farko shi ma sito ya so a yi a sama, na ce in ba mutane za su kwana a ciki ba, a bar maganar. Ya ce, "Baba, na ji. Ni ma yarana na shago daga nesa suke zuwa, kullum a makare." Ƙanena ya amince, amma da sharaɗi. Ya ce, "Tsakar gidan Hajiya na nan a yamma. In ta kai ƙara kamar yadda ka kai, aka tsayar da gini, to sayarwa za a yi ko kango ne. Ba zan zauna jiran shari'a ba." Na yarda, domin ba ni da bakin musu.

Kafin in tunkari Hajiya sai da na nemi tela. Na sha tambaya kafin in gano gidan. Na same shi a ƙofar gida a kan kujera, ido ya yi rauni, ya daina ɗinki. Ina yin sallama ya karkata kai ya ce, "Wa nake ji kamar sarkin tagogi?"

Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Na ce ba don mata na yi ba, baƙin ciki ne.

Ya ce, "Yau ka sani? Ni tun a soronka na gani. Tare fa muka yi allo, ko lokacin ba ka son wani ya riga ka wanke allo." Sannan ya ce, "Na yafe maka tuntuni, ba zan kai wannan kaya lahira ba. Amma 'ya'yana sun watse, ɗaya nan ɗaya can, wannan kam ba za ka iya mayar mini ba."

Na ce, "Haka ne."

"To yanzu kai ne mai bene. Wa ya rage da za ka leƙa?"

Na ce Hajiya mai ƙuli-ƙuli.

Ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. "Allah ya haɗa ka da daidai kai! Je ka yi mata tayin da na yi maka. In ta fi ka hankali za ta hau."

Hajiya ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba. Ina yaro ni take aika sayen gyaɗa, saboda haka har yau ba ta ganin furfurata. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na yi mata bayani. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Ikon Allah. In ɗan haya ya taka kujera fa?"

Na sunkuyar da kai. Na gaya mata cewa tela ya yi mini tayin in hau in duba, na ɓoye. Na gaya mata dalili.

Ta ce, "Au, ashe ƙuli-ƙulina a banza ka ci? Shekara da shekaru ina sa maka albarka, ashe kai ka kore mini masu sayen mai? Matar telan nan ita ke kama mini suya in na yi baƙi." Ta juya mini baya tana gyara wuta. Can ta ce, "Yi gininka. In ya tashi zan hau. In aka hango ko da ludayina ne, gidan mai unguwa zan tafi, kuma na san hanya, kai ka nuna mana."

Da na gaya wa ƙanena, ya ce, "Wato za ka rushe gidan Baba a kan maganar tsohuwar da ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba?" Na ce haka zan yi. Ranar da aka sa diga a soro ban iya tsayawa ba, na tafi kasuwa na zauna a rumfar wani. Ni da matata muka koma wurin babban ɗanmu. A nan na ɗanɗana abin da na jawo musu. Kullum in fito zuwa wurin gini sai na canja abin hawa, in tsaya a cunkoson mahaɗar Bata rana na dukana, in iso gwiwoyina suna ciwo. Ban fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Duk tagar yamma sai na tsaya a kan magini ya ɗaga ta, har ya fara ce mini, "Baba, wannan taga ce ko hanyar tsuntsu?"

Da aka gama jera bulon hawa na biyu, na aika wa Hajiya. Ta zo da hantsi tana dogara sanda, ɗayan hannun kuma tana jan kujerar roba. Ƙanena yana nan, ɗan kasuwar nan mai ginin ma yana nan. Magini ya ce, "Hajiya, kawo in riƙe miki, in kin gaji ki zauna."

Ta ce, "Ba ta zama ba ce. Ɗauko ka biyo ni."

Ta hau matakala a hankali, tana hutawa, tana mitar wanda ya ƙirƙiro bene. A ɗakin farko ta sa aka ajiye kujerar a gindin taga, ta dube ni ta ce, "Ni gajeriya ce, idona kuma ba ya kai nesa. Kai ka kawo maganar kujera, kai za ka taka. Na shanya jan zani a igiya, na kife turmi a tsakar gida. Hau ka gaya mini abin da ka gani."

Leburori suka daina aiki suna kallo. Na tattare riga, ƙanena ya riƙe mini kujerar yana cewa, "Yaya, kada ka karye mana a nan." Na hau na leƙa. Sama kawai na gani da bangon wani sito. Na faɗa. Muka shiga ɗaki na gaba, haka. Muka gama hawa na farko muka hau na biyu, Hajiya tana haki tana cewa ba ta gaji ba. Ɗaki bayan ɗaki, babu komai sai rufin kwano da shirwa tana shawagi. Ta wata taga har na hango layin dogo ya miƙe. Zuciyata ta fara kwanciya.

Muna saukowa ta tsaya a kwanar matakala, inda aka bar wani ɗan rami don haske. Ni ban taɓa lissafa shi a cikin tagogi ba. Ta nuna shi da sanda ta ce, "Wannan fa?"

Aka ajiye kujera na hau. Ga jan zani nan a igiya. Ga turmi a kife, ga murhu, ga ƙofar makewayi, komai a fili kamar a tafin hannu. Babu wanda ke gani sai ni. Ƙanena yana ƙasa riƙe da kujera yana kallon fuskata, mai ginin ya harɗe hannu. Na san in na faɗa, tana iya juyawa ta nufi gidan mai unguwa, gidan ubanmu da na rushe ya tafi hannun masu sito. Na san kuma in na ce babu komai, gobe da safe ina iya sa a toshe shi babu wanda ya sani. Irin wannan shirun na taɓa yi, na ga abin da ya haifa.

Na ce, "Hajiya, ina ganin jan zani. Ina ganin turmi da murhu, har ƙofar makewayi."

Ƙanena ya ce, "Inna lillahi."

Hajiya ta ce, "Sauko kafin ka faɗi. Na sani. Tun da aka bar ramin nan nake zaune a tsakar gidana ina kallonsa. Abin da kake gani ai yana ganinka. So nake in ji ko bakinka ya gyaru."

Ta juya ga magini ta ce ya toshe shi yanzu tana tsaye. Ya ce matakala za ta yi duhu, amma akwai bulo mai huda da ake karkata shi ya kalli sama, haske ya shigo ba a ga ƙasa ba. Ta ce ya sa, in ya gama a sake ɗora ni a kujera. Ta zauna a kan bulo ta jira har ya gama, aka sake ɗora ni, na ga gajimare kawai.

Ta miƙe ta karɓi kujerarta. A bakin ƙofa ta ce, "Ɗakunan nan na hawa na farko, na kusa da matakala, kada ka ba kowa. Jikata da mijinta suna can bayan gari, asibitin da take aiki kuwa ga shi nan kusa. Kuma ka sani, bashin kwanon ƙuli-ƙuli na nan a kanka." Ba ta je gidan mai unguwa ba.

Har yanzu ginin bai ƙare ba. Siminti ya yi tsada, aiki ya tsaya ya tashi. An buɗe shagunan ƙasa, an yi wa hawa na farko rufin ɗaki da ƙofofi, ni da matata mun dawo, jikar Hajiya ta tare, ƙaramin ɗana ma ya kawo iyalinsa. Hawa na biyu ko filasta ba a yi ba. Ƙanena har gobe yana cewa da mun sayar da tuni ya huta, ko da yake na lura in ya zo yakan hau sama ya daɗe yana duba ɓangarensa. Na aika wa tela cewa akwai shago ɗaya da na roƙa a bar wa duk wanda ya ga dama cikin 'ya'yansa. Ya aiko da godiya, amma babu wanda ya zo. Ban yi mamaki ba.

Gida ɗaya ba ya raya lungu. Sitocin suna nan tsaye, ba zan iya rushe su ba. Amma yanzu in an yi magariba akwai fitila a sama, akwai kukan jariri, akwai mai aikowa aron gishiri. Na fara bin masu sauran tsofaffin gidaje a lungunan da ke bayanmu, waɗanda dillalai ke zagayawa, ina kawo su su hau su leƙa da idonsu. Wasu su saurara, wasu su ce tsufa ne ke damuna. Muddin ƙafata tana ɗaukata ba zan daina ba, kuma sai na ga an gama hawa na biyu in Allah ya ara mini kwana.

Abin da nake roƙon wanda ya karanta wannan shi ne, in maƙwabcinka ya zo ya ce zai ɗaga gini don mutane su zauna kusa da inda suke nema, kada ka yi irin tawa. Suturar gidanka haƙƙinka ce, ka nema. Amma ka fara tambayar zuciyarka abin da ke ci mata rai, sannan ka ɗauki kujera ka bi shi ku hau tare.